"Ai ga ta ta kunna" ba gwaji ba ne: a bar kwamfuta ta faɗi ciwonta kafin a biya kuɗi

Duk wanda ya taɓa sayen kwamfuta ta hannu a Beirut Road, ko a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari, ya san yadda cinikin yake tafiya. Yaron shago zai ɗauko ta, ya goge murfin da tsumma, ya danna maɓalli. Tambarin Windows ya fito, ya buɗe hoto ɗaya ko bidiyo ɗaya, ya ƙure sauti don ka ji sifika na aiki, sannan ya dube ka ya ce, "Yallaɓai ka gani da idonka, tokumbo ce fes, ko ƙwarzane babu." Kai kuma ka duba madannai, ka jijjiga cajar, ka tambayi awa nawa batir yake yi, a yi ta ja-in-ja a kan farashi, ka tura kuɗi. Shi ke nan an gama gwaji.

Ra'ayina shi ne wannan gwajin bai taɓa inda matsalar take ba. Abin da ya fi komai tsada a kwamfuta shi ne abin da za ka zuba a cikinta: lissafin shago, takardun ɗalibai, fim ɗin da aka yi wata biyu ana ɗauka. Wurin da ake ajiye waɗannan kuwa ba ya nuna tsufansa a ido. Amma yana da littafin da yake rubuta tarihin lafiyarsa da kansa, kuma karanta wannan littafi ba ya buƙatar komai sai 'yan kalmomi da za a rubuta a baƙin allon nan na umarni, wanda mutane suke gani su ɗauka na masu kutse ne kawai. Ya kamata karanta shi ya zama wani ɓangare na ciniki, kamar yadda ba a sayen mota a ce ba za a buɗe bonet ba.

Wani abokina mai shagon buga takardu a Fagge ne ya sa na fara ɗaukar abin da zafi. Ya sayi kwamfuta a wani shago da ba zan ambata ba, ta yi masa aiki lafiya ƙalau kusan wata guda, sai fayil ya fara ƙin buɗewa, yau ɗaya, jibi uku. Ya kawo min ita yana cewa, "Malam, ina jin bairos ne." Da na kunna ta da Linux daga filash na rubuta smartctl -a /dev/sda, sai ga faifan ajiyar da kansa yana ba da labari: ya yi shekaru a kunne kafin ya iso Kano, kuma akwai gurabe da yawa da ya riga ya yi musu alamar sun lalace. Wannan bayanin yana nan ranar da aka yi cinikin. Minti biyu ya isa a gan shi. Ba a duba ba ne kawai.

Ƙwaƙwalwar da ba ta mantuwa

Abin da ya sa na dawo da maganar yanzu shi ne wani nau'in kaya da ya fara sauka daga manyan cibiyoyin ajiyar bayanai na Turai da Amurka zuwa kasuwar kayan hannu ta duniya, kuma duk abin da ya shiga wannan kasuwa, ko ba jima ko ba daɗe sai ya biyo ta Ikeja ko Alaba ya iso mana.

Mun saba da gida biyu a cikin kwamfuta. Akwai RAM, mai saurin gaske, amma da zarar wuta ta ɗauke ta manta komai. Akwai faifan ajiya, had-disk ko SSD, wanda ba ya mantuwa amma bai kai RAM sauri ba ko kusa. A watan Yuli na 2015 kamfanonin Intel da Micron suka sanar da wata fasaha mai suna 3D XPoint wadda ta zauna a tsakiya, kuma a Afrilun 2019 Intel ya fito da ita a siffar sandar RAM, da sunan Optane DC Persistent Memory, mai girman 128GB, 256GB da 512GB. Ana soka ta a ramin DDR4 kamar kowace RAM, amma abin da aka rubuta mata yana nan ko an kashe wuta. Ni ina kiranta ƙwaƙwalwa marar mantuwa.

Kasuwa ba ta karɓe ta yadda aka yi zato ba. Micron ya janye a Maris na 2021, Intel kuma ya sanar a Yulin 2022 cewa zai naɗe tabarmar Optane, tare da asarar dala miliyan 559 a kan kayan da ke ajiye. Ma'anar wannan a wajenmu abu biyu ne. Na farko, sabobin da suka zo da ita, irin su Dell PowerEdge R740 da HPE ProLiant DL380 Gen10, sun kai shekarun da manyan kamfanoni ke sallamar kayansu, don haka za su yi ta araha. Na biyu, ba a ci gaba da ƙera sababbi, saboda haka duk sandar da ka gani tana da tarihi a bayanta.

Ba ina cewa za ka shiga kowane shago a Kano ka tarar da ita a kan kanta ba. Mai sayen laftof don karatu ba ruwansa da ita. Amma masu cibiyoyin jarrabawar kwamfuta da ke jingina ɗaruruwan na'urori a kan saba ɗaya, da makarantu masu zaman kansu, da asibitoci, da matasan da ke haɗa wa kamfanoni rumbun bayanai, su ne masu neman saba ta hannu, kuma su ne za a ce wa, "Oga, wannan memorinta ya fi tarabait ɗaya," a kan farashin da zai sa ka ji kamar tsintuwa ka yi.

Ga inda take da bambanci. Idan RAM ta yi kuskure, kashewa da kunnawa yakan share abin, sai dai in sandar ce ta mutu. Ita kuwa wannan, tunda ba ta mantuwa, ba ta manta ciwonta ma. Gurbin da ya lalace har gyaran kuskure na cikin sandar ya kasa ceto shi, ana yi masa alamar guba, kuma alamar tana nan bayan an kashe, an ɗora sabar a jirgin ruwa, an sauke ta a Legas, an kawo ta Kano a bayan tirela. Ranar da manhajarka ta taka wannan gurbi, sai dai ka ga ta faɗi warwas, wani lokaci ma har da injin gaba ɗaya.

Shi ya sa aka tanadi hanyar da injin zai bi ƙwaƙwalwar lungu-lungu ya gano guraben da suka lalace kafin a taka su. Ana kiran wannan shara ARS a taƙaice, kuma Linux yakan nemi a yi ta duk lokacin da aka kunna injin. Amma mai saye zai iya neman a sake ta a gabansa, da wata manhaja kyauta mai suna ndctl. Ka fara da ndctl list -DH, wanda zai jero sandunan da ke ciki da lafiyar kowacce. Sannan ndctl start-scrub ya tayar da sharar, ndctl wait-scrub ya jira ta ƙare, sai ndctl list --media-errors ya nuna guraben da aka samu da matsala. Idan ƙwaƙwalwar babba ce sharar takan ɗauki lokaci, don haka ba abin da za a yi a tsaye ana kallon agogo ba ne. Ka je ka yi sallah, ka ci abinci, ka dawo.

A cikin abin da umarnin farko zai nuna, layi huɗu ne nake so mai saye ya iya karantawa ko da bai san komai a Linux ba. Akwai health_state, wanda ya kamata ya ce ok. Idan ka ga critical ko fatal, ka ajiye kawai, babu wani ragi da zai biya ka. Akwai spares_percentage, wato kashi nawa cikin ɗari na rayuwarta ya rage. Sai shutdown_state da shutdown_count, kuma a kan waɗannan biyun nake so in ɗan tsaya, don su ne suka fi shafar mu.

Ita wannan ƙwaƙwalwa tana riƙe alƙawarinta na rashin mantuwa ne bisa sharaɗi guda: idan wuta ta ɗauke, injin zai yi amfani da ɗan ƙarfin da ya rage a jikinsa ya tura rubutun da ke kan hanya zuwa mazauninsa kafin ya mutu. Idan hakan bai kammala ba, sandar takan rubuta cewa an yi ƙazamin kashewa, ta ƙara ɗaya a lissafinta. A cibiyar bayanai ta Frankfurt, inda wuta ke da layi biyu da batir da janareta a bayanta, wannan lissafi yana iya shekara bai motsa ba. A nan fa? Mu da a Oktoban 2024 muka yi sama da mako guda a duhu tare da yawancin jihohin Arewa, kowa ya koma kan janareta da sola, ana canja layi sau biyar a wuni? Wanda zai sayi irin wannan saba ba tare da UPS mai lafiya ba, ya sayi doki ne babu linzami. Kuma ka rubuta lambar da ka gani ranar saye, domin ita ce ma'auninka: idan bayan wata uku ta ƙaru, matsalar wutarka ce, kada ka je ka tayar wa mai shago da hankali.

Akwai wasu abubuwa biyu da ya kamata a sani. Sandar ba ta aiki a kwamfutar gida ko da ta shiga ramin, sai da nau'in Xeon da aka yi ta dominsa, kuma sai an haɗa ta da RAM ta gaske. Sannan ana iya kulle ta da kalmar sirri, don haka ka tabbata ba a kulle take ba, in ba haka ba ka sayi akwatin da makullinsa ke hannun wani Bature da ba ka sani ba. Manhajar Intel mai suna ipmctl tana nuna wannan, da awannin da sandar ta yi a kunne, ta hanyar ipmctl show -dimm da ipmctl show -sensor.

Wani abu da ke ba ni haushi, tunda sunan Optane ya shigo: akwai laftof ɗin da aka sayar wajajen 2018 da rubutun cewa memorinsu 24GB ne, alhali RAM ɗin 8GB ce, sauran 16GB ɗin wani ɗan ƙaramin Optane ne da ke taimaka wa had-disk sauri. Wannan daban yake da wanda nake magana a sama, kuma ba RAM ba ne. Irin waɗannan laftof suna yawo a kasuwa har yanzu da takardarsu a manne. Idan aka ce maka 24GB, ka buɗe Task Manager ka gani da kanka.

Mu dawo kan kayan yau da kullum

Abin da ya shafi mafi yawanmu ya fi wannan sauƙi. Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanoni a ƙasashen waje suna ta sauya kwamfutocin da ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, kuma mun san inda suke ƙarewa. Da yawansu kaya ne masu kyau ƙwarai. Wasu kuma sun gaji. Ido ba zai raba maka su ba.

Ga had-disk ko SSD, smartctl -a ne zai yi maka magana. Ka nemi Power_On_Hours, ka raba da 8,760, wato awannin da ke cikin shekara, ka ga shekara nawa ya yi yana aiki. Ka duba Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector. A wajena, in ba sifili ba ne, ko dai a canja faifan ko a cire kuɗinsa daga farashi. Ga sababbin faifai na NVMe, nvme smart-log /dev/nvme0 zai nuna kashi nawa aka cinye, da kurakuran da aka samu, da sau nawa wuta ta ɗauke masa ba shiri. RAM kuwa Memtest86+ ne likitanta, zagaye ɗaya cikakke, ja ko ɗaya ya fito an fasa. Wanda ba ya son barin Windows ma yana da rabonsa: a PowerShell ka rubuta Get-PhysicalDisk | Get-StorageReliabilityCounter, kuma powercfg /batteryreport zai gaya maka gaskiyar batirin da aka ce maka yana awa shida. Filash da memori na jabu, waɗanda aka rubuta musu 128GB alhali cikinsu bai kai takwas ba, manhajar f3 tana tona asirinsu cikin mintuna.

Za a ce min waɗannan lambobi ba wahayi ba ne, kuma gaskiya ne. A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da binciken da suka yi a kan had-disk sama da dubu ɗari, suka gano cewa kusan kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba kafin mutuwar. To amma wannan binciken dai ya nuna cewa faifan da ya fara nuna kuskuren karatu ya ninka lafiyayye sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Wato rahoto mai tsabta ba garanti ba ne, amma rahoto mai datti shaida ce ƙwaƙƙwara. Wanda ya ƙi dubawa don gwajin ba ya kama kowa, kamar wanda ya ƙi awon hawan jini ne don ba ya gano ciwon suga.

Za a kuma ce ana iya goge lissafin. Wannan ma ya faru. A farkon 2025 kafar heise ta Jamus ta bankaɗo yadda aka riƙa sayar da faifan Seagate da aka yi dubban awanni ana aiki da su a matsayin sababbi, bayan 'yan damfara sun mayar da agogonsu sifili. Yadda aka kama su shi ne faifan yana da littafi na biyu da ba su goge ba, wanda smartctl -l farm ke karantawa. Abin lura a nan shi ne masu saye ne suka gano, da wannan baƙin allon dai. Inda babu mai dubawa, ɗan damfara ba ya ma buƙatar wahalar gogewa.

Hujjar da na fi girmamawa ita ce ta 'yan kasuwar. Wani dattijo mai shago ya taɓa ce min, "Ɗana, ni ma a rufe na sayo su. Kwali ake ba ni a Legas, mai kyau da marar kyau kuɗi ɗaya. In na tsaya ina auna kowacce a gaban kwastoma, wa zai sayi marar kyan?" Ban raina maganarsa ba. Ribar kayan hannu ba ta da yawa, ga haya, ga man janareta, ga dala da ba ta zama wuri ɗaya. Amma abin da maganarsa ke nufi a zahiri shi ne asarar tana nan, ana dai mirgina ta ne zuwa kan wanda ya fi kowa rashin sani, ɗalibar da ta tara kuɗin alawus ko malamin makarantar da ya ci bashi. Kuma ba a banza take tafiya ba: ita ce take dawowa shago bayan sati uku da rantse-rantse da kiran shugaban kasuwa. Faifan SSD na 256GB kuɗinsa ƙalilan ne a kan kuɗin laftof. Mai shagon da ya auna kayansa tun a sito, ya canja faifan da ya gaji ko ya faɗa ya rage farashi, ya sayi kwanciyar hankali da arha. Fikihun Malikiyya da muka taso a kai ya daɗe da ba mai saye damar mayar da kaya idan ya gano aibin da ya riga ciniki, dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ma, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta tanadi irin haka. Wahalar kullum ita ce tabbatar da cewa aibin ya riga cinikin. To ga na'ura tana rubuta kwanan ciwonta da kanta, me ya rage?

Abin da nake so in gani ba ya buƙatar doka ko kwamiti. Rasit ne kawai mai ƙarin layi uku: lambar faifan, awannin da ya yi, da adadin guraben da suka lalace, ko kuma a kan saba, lafiyar kowace sanda da lissafin ƙazamin kashewarta. Mai saye ya ɗauki hoton allon da wayarsa, mai shago ma ya ɗauka. Wannan yana kare ɓangare biyu, domin akwai kwastoman da zai yar da laftof daga kan babur ya dawo ya ce haka aka ba shi, akwai ma wanda zai canja faifan a gida. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya da kwamfuta, waɗanda su ne ke zaman sulhu idan rigima ta tashi, su ne za su fi kowa hutawa. Ga kuma sana'a ga yaran da ke koyon gyara: tebur ɗaya, filash ɗaya, a biya ka ɗan wani abu ka auna wa mai saye kaya ba tare da kana ɓangaren kowa ba. Masu sayen mota sun daɗe suna zuwa da bakanikensu.

Wanda zai fara, ga shirin da nake yi. Filash mai 16GB ya isa. Ka sa masa Ventoy, ka jefa Ubuntu da Memtest86+ a ciki. Idan ka kunna kwamfutar daga filash ɗin, ka haɗa ta da intanet ɗin wayarka ka rubuta sudo apt install smartmontools nvme-cli f3 ndctl, kuma kusan duk umarnin da na ambata sai ka sa sudo a gabansu. Ka nemi izinin mai shago kafin ka soka komai a kayansa, kuma ka gaya masa abin da za ka yi. Karanta lafiya da smartctl, ko nvme, ko shara da start-scrub ba sa taɓa bayanan da ke ciki. Amma akwai waɗanda suke taɓawa: badblocks -w yana rubutu a kan faifan gaba ɗaya, f3probe --destructive yana share filash, shi kuma ndctl clear-errors yana cire alamar gubar ne kawai, ba ya dawo da abin da ke gurbin. Waɗannan ukun kada ka rubuta su a kan kayan da ba ka biya ba, ko kayan da ba ka kwafe abin da ke cikinsu zuwa wani wuri ba. Kuma kafin ka danna Enter, ka rubuta lsblk ka tabbatar wane ne sda wane ne sdb, don filash ɗinka ma yana cikin jerin.